Saƙo yana shigowa a Thunderbird amma ba ya fita, tsofaffin wasiƙu kuma sun ɓace daga waya

Baban_Husna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako uku ke nan ina fama da abin da ya fi ƙarfina, jiya kuma hankalina ya tashi sosai, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Ni ke riƙe da wasiƙun wata ƙaramar ƙungiya mai koya wa manya karatu da rubutu. Adireshin imel ɗinmu yana kan sunan shafinmu ne, wani kamfani ke ajiye mana. Kwamfutata tsohuwar laftof ce da Windows 10 a kanta. Da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma ba za ta ɗauki 11 ba, sai ɗana ya sa min Linux Mint kafin ya koma makaranta. Gaskiya na ji daɗinta, ta yi sauri kamar sabuwa.

Na buɗe Thunderbird, manhajar imel da ta zo a cikinta. Gmail ɗina na kaina bai ba ni wahala ba ko kaɗan: wata taga ta Google ta buɗe, na sa kalmar sirri, na amsa a waya, shi ke nan. Na ƙungiya ne na shigar da hannu, ina kwafa daga wata takarda da wanda ya riga ni a aikin ya bar min shekaru da yawa da suka wuce. Wasiƙu suka sauko duka. Amma in na rubuta na danna aikawa, sai ya yi ta juyawa kusan minti ɗaya, sannan ya ce haɗin da sabar aikawa ya ƙare lokacinsa. Tun daga ranar nake karantawa a Thunderbird, in buɗe burauza in ba da amsa a can.

Da wannan kaɗai ne da na haƙura. Jiya na duba akwatin ƙungiya a wayata, na tarar ba komai sai saƙonnin 'yan kwanakin nan. Na shiga ta burauza, haka nan. Wasiƙun shekara shida, har da na masu tallafa mana da takardun yarjejeniya. Waɗanda muka aika suna nan, waɗanda aka aiko mana ne babu. A laftof ɗin kuma ina ganinsu. Ina tunanin in goge asusun in sake shigar da shi daga farko. Me kuka gani?

Malam_Ilu

Wa alaikumus salam Baban Husna. Don Allah kada ka goge komai. Wasiƙunku ba su ɓata ba, amma a halin yanzu kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana cikin wannan tsohuwar laftof. Kafin ka taɓa wani saiti, yi wannan: rufe Thunderbird gaba ɗaya, buɗe babbar foldarka, danna Ctrl da H tare don ɓoyayyun foldoji su fito. Za ka ga wata mai suna .thunderbird, da ɗigo a gabanta. Kwafe ta dukkanta zuwa filasha. In kana da filasha biyu, sa a biyu. Ga mai Ubuntu 24.04 da zai karanta wannan daga baya, tasa tana cikin snap/thunderbird/common ne.

Abin da ya faru kuwa, na kusa tabbata takardar nan POP ta sa ka zaɓa. Hanyoyin karɓar wasiƙa biyu ne. IMAP yana barin wasiƙu a saba, wato na'urar kamfanin da ke ajiye muku imel, kwamfuta da waya da burauza duk leƙa akwati ɗaya suke yi. POP kuma ɗebowa yake yi ya kawo cikin na'ura. An tsara shi ne tun zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya, yana haɗa intanet na 'yan mintuna ya cire. A Thunderbird, asusun POP yana zuwa da saitin barin wasiƙa a saba har kwana 14, bayan nan ya share ta daga can. Ƙirga ka gani: mako uku da ka saita, mako guda ke nan da aka kwashe. Kuma POP akwatin shigowa kawai yake taɓawa, shi ya sa foldar waɗanda kuka aika ba ta motsa ba. Wannan alamar ce ta sa na gane.

Bayan ka yi kwafin, shiga Account Settings, sannan Server Settings na asusun. Cire alamar kwana 14 ɗin, ka kuma cire alamomin duba sabon saƙo da kansa. Zaɓi wasiƙun ka kwafe su cikin Local Folders. Sai ka ƙara asusun a karo na biyu, wannan karon IMAP, ƙofa (Port) ta 993 da SSL/TLS, wato tsarin da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da saba. Daga Local Folders ka riƙa kwafa zuwa akwatin IMAP, ɗari biyu ko uku a lokaci guda, kana duba waya kana ganin suna dawowa. Kwafa na ce, ba matsarwa ba, domin in intanet ya yanke a tsakiya kada ka rasa nan ka rasa can. Kuma ka tabbata tsohon asusun POP ɗin ya daina ɗebowa, in ba haka ba zai ga wasiƙun da ka mayar a matsayin sababbi, ya sake saukar da su.

Batun aikawa daban ne. Karɓa da aikawa hanyoyi biyu ne da ba su haɗu ba, ɗaya na iya lafiya ɗaya a toshe. Kuskuren da ka faɗa ba na kalmar sirri ba ne. Da ita ce da saba ta amsa nan take ta ƙi ka, galibi da lamba 535. Juyawar minti guda na nufin ko bakin ƙofar ba ka kai ba. Gangara ƙasan Account Settings inda aka rubuta Outgoing Server, ka faɗa min lambar ƙofar da ke ciki.

Baban_Husna

Allah ya saka da alheri Malam. Sai yanzu na iya zama. Foldar ta kai giga biyu da ɗan wani abu, tana cikin filasha biyu. POP ne kuwa kamar yadda ka ce, ga 14 ɗin nan a rubuce. Lambar ƙofar aikawa 25 ce.

Malam_Ilu

To ga ta nan. Ƙofa ta 25 ta sabobi ce, ita suke miƙa wa juna wasiƙa ta ciki. Masu ba da intanet da yawa suna toshe ta ga masu amfani na gida saboda kwamfutocin da ƙwayar cuta ta kama suna watsa saƙonnin banza ta nan. Kai taka 587 ce da STARTTLS, wanda shi ma tsarin ɓoyewa ne, ko 465 da SSL/TLS. Kada ka cakuɗa su, 465 da STARTTLS ba za su yi ba. Hanyar tantancewa ka bar ta a Normal password, sunan shiga kuma ka rubuta cikakken adireshin, har da @ da abin da ke bayansa. Yawancin kamfanonin da ke ajiye shafuka haka suke so.

Baban_Husna

Na sa 587. Juyawar ta daina, amma yanzu wata taga ce ke fitowa tana cewa ba a iya tabbatar da takardar shaidar sabar ba. Da na gwada ƙara IMAP ɗin ma ita ta fito. Akwai maɓalli a ƙasa da zan danna in amince duk da haka. In danna?

Ummu_Khalil

Baban Husna, dakata tukuna. Wannan maɓallin shi ne mafi sauƙin dannawa a duk Thunderbird, kuma mutane da yawa sun danna ba tare da sun karanta ba. Ma'anarsa kana gaya wa manhajar ta miƙa kalmar sirrinka ga sabar da ba ta tabbatar ko wace ce ba.

Abu biyu ne suka fi kawo wannan gargaɗi. Na farko agogo. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwanan watan kwamfutarka ya kauce sai ta ga takarda mai kyau a matsayin wadda ba ta fara aiki ba ko ta mutu. Ya taɓa faruwa da ni a wata tsohuwar kwamfutar ofis: ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, duk safiya sai ta tashi a wata shekara da ta wuce. Na yi kwana biyu ina zargin saba kafin idona ya kai kusurwar allo. Buɗe Terminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta timedatectl ka gani. Amma tunda Gmail ɗinka yana aiki lafiya, da wuya agogo ne.

Na biyu shi na fi zato: suna bai dace ba. Kamfanonin da ke ajiye ƙananan shafuka sukan zuba ɗaruruwa a kan na'ura guda. Kai ka rubuta mail sannan sunan shafinku, ita kuma sabar ta nuna takarda mai ɗauke da sunan na'urar kamfanin. A tagar gargaɗin akwai wurin duba takardar, danna shi ka karanta sunan da aka ba wa ita da ranar ƙarewarta. In kana son gani daga tushe, rubuta wannan a Terminal, ka sa sunan sabarku a wurin SABA:

openssl s_client -connect SABA:587 -starttls smtp

Rubutu zai zubo da yawa, nemi layin da ya fara da subject. In sunan na kamfanin ne, shiga shafin da kuke biyan kuɗin ajiya, sashen imel, za ka ga saitunan da suka bayar na yanzu. In sunan ya yi daidai da wanda ka gani a takardar, sa shi a wurin sunan saba, na karɓa da na aikawa. Gargaɗin zai tafi da kansa.

Akwai kuma abin da ya tsaya min a rai. Mako uku kana karɓar wasiƙa ba gargaɗi, sai yau da ka kunna ɓoyewa ya fito. Duba min tsohon asusun POP ɗin: ƙofarsa 110 ce, tsaron haɗi kuma None?

Baban_Husna

Haka ne Hajiya, 110 da None. Yanzu na tuna ranar da nake saitawa wani jan allo ya fito, na sa alama cewa na fahimci haɗarin, don takardar haka ta ce. Agogo daidai yake. Sunan da ke takardar shaidar na kamfanin ne, na same shi a shafinsu harafi da harafi. Na canza, gargaɗi ya ɓace, saƙon gwaji ya fita cikin daƙiƙa biyu. Wallahi sai da na sake aika wani don in tabbata.

Ummu_Khalil

Madalla. To yau ɗin nan ka canza kalmar sirrin asusun. Duk lokacin da Thunderbird ya duba saƙo a makonnin nan, a fili kalmar ta bi layin intanet ba a ɓoye ba, balle in ka taɓa hawa wayfay ɗin wani wuri da ba naka ba. Ba na ce an ɗauka ba, amma canzawar minti biyu ce. Ka tuna ka sa sabuwar a waya, in ba haka ba za ta yi ta gwada tsohuwa, wasu sabobi kuma sukan toshe adireshin intanet ɗin da ya yawaita kuskure. Takardar nan ta wanda ya riga ka kuma ka yage ta, ka rubuta sabuwa da 993 da 587 don wanda zai gaje ka.

Baban_Husna

Na canza. Wasiƙun 2019 da 2020 sun koma waya, ina ci gaba da saura. Saura abu ɗaya: saƙon gwajin da na aika wa Gmail ɗina a foldar Spam na same shi. Ko Linux ɗin ne ke jawo hakan? Ko da yake tun bara wasu ke ce min ba su ga wasiƙarmu ba, ina ɗauka uzuri ne kawai.

Malam_Ilu

Ba Linux ba ne, ba Thunderbird ba ne, kai ma ka ba da amsar da kanka tunda tun bara ake kuka. Daga Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aiko masa saƙo ya kasance yana da SPF ko DKIM aƙalla ɗaya. SPF layi ne a bayanan DNS na shafinku, wato rajistar da ke haɗa sunan shafi da sabobinsa, yana faɗin sabobin da aka yarda su aika da sunanku. DKIM kuma sa hannu ne da saba ke yi wa kowace wasiƙa, mai karɓa ya gwada shi da mabuɗin da aka wallafa a DNS ɗin. Buɗe saƙon a Gmail ta burauza, danna ɗigo ukun da ke gefensa, zaɓi Show original. A sama za ka ga SPF da DKIM, kowanne da PASS ko akasin haka. Gyaran ba a kwamfutarka yake ba, yana wurin da ake sarrafa DNS ɗin shafin. Ka rubuta wa kamfanin ka ce su kunna DKIM su duba SPF, ka manna musu abin da ka gani a wannan shafin. In akwai sa hannu mai hotuna da mahaɗai da yawa a ƙasan wasiƙunku, rage shi ma.

Baban_Husna

Na duba. SPF ya nuna PASS, layin DKIM kuma babu shi kwata-kwata. Na rubuta musu yanzu, daga cikin Thunderbird ɗin ma na aika. Wasiƙun 2021 suna tafiya, sun fi sauran nauyi saboda hotunan ajujuwa, don haka na rage zuwa ɗari ɗari. Asusun POP ɗin na bar shi a kashe, ba zan cire shi ba sai na ƙirga na ga adadin da ke waya ya yi daidai da na Local Folders. Malam Ilu, Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya. In kamfanin sun amsa zan manna amsarsu a nan ku duba min kafin in taɓa wani abu a DNS.