Zan iya sa Linux a tsohuwar HP ba tare da na rasa Windows ba?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina Katsina, ina da HP ta hannu, Core i5, RAM 4GB, diski 500GB. Windows 10 ce a kanta, kuma Microsoft ta daina tallafa mata tun Oktoba 2025, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. An ce Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta irin Windows, kyauta ne. Da wanne zan fara, kuma yaya zan sa shi takarduna na makaranta ba su salwanta ba? Data sai a hankali.

Mai Gyara Daura:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Ɗauki Linux Mint 22, nau'in Xfce. Fuskarsa ta yi kama da ta Windows, ba ya cin RAM sosai, kuma za a ci gaba da sabunta shi har 2029. Fayil ɗinsa ya kusa 3GB, don haka sauke shi sau ɗaya daga shafin Mint ɗin kansa, da datar dare in akwai, ka adana.

Sai ka nemi filas mai 8GB wanda ba komai a ciki, domin za a goge shi tas. Manhajar Rufus ce za ta rubuta fayil ɗin a kai. Kada ka kwafa shi kai tsaye kamar waƙa, kwamfuta ba za ta tashi da shi ba. Kashe ta, soka filas, kunna, ka riƙa danna F9 har jerin zaɓi ya fito. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne.

Nan ne mutane ke gaggawa. Mint zai buɗe daga filas ɗin, bai taɓa diskinka ba, to kada ka yi saurin danna maɓallin sakawa. Gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken allo da firinta tukuna. In Wi-Fi bai bayyana ba, sau da yawa katin Broadcom ne, wanda ke buƙatar direba na musamman, wato manhajar da ke sa shi aiki. Haɗa wayarka da kebul, ka raba intanet ta USB, ka buɗe Driver Manager ya kawo maka shi.

Injiniya Abu Ammar:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne. Ƙarin nawa kan zaman su biyu a diski ɗaya ne.

Kafin komai kwashe takardunka zuwa wani filas daban. Sannan a cikin Windows kashe Fast Startup. Dalili shi ne idan yana kunne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi, sai ta bar diskin a kulle, Linux ya kasa rubutu a ɓangarenta. In BitLocker, makullin diski na Windows, na aiki, ajiye mabuɗin ceto mai lamba 48 a takarda, don Windows na iya tambayarsa bayan ka gama. Daga nan shiga Disk Management ka rage ɓangaren C, inda Windows take, ka bar fili kamar 60GB. Mint zai zauna a 20GB, amma ba da jimawa ba zai matse.

Wajen sakawa zaɓi "Install alongside Windows". Ɗayan, "Erase disk", yana share komai har da Windows, kuma ba gyara bayansa. In mai sakawar bai ga diskin ba sam, duba BIOS, saitin kwamfutar da ke buɗewa da F10 yayin kunnawa: wataƙila saitin diskin yana kan Intel RST maimakon AHCI. Kada ka canza shi kai tsaye, Windows na iya ƙin tashi. Dawo ka tambaya.

Batir ya cika tukuna. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar raba diski, shi ne babbar asara.

Hajiya Mai Kafe:
Ɗana, tambayi kanka aikin da kake yi da ita. CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa Linux kai tsaye. Akwai Inkscape da GIMP, amma sai ka sake koyo. LibreOffice na buɗe fayilolin Word, sai dai shafuka kan goce saboda babu Times New Roman da Arial. Sa kunshin ttf-mscorefonts-installer, kuma in za ka kai aiki wurin bugawa, mayar da shi PDF. A saitin madannai akwai Hausa ta Najeriya, ɗ da ƙ da ɓ duk suna fita.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mint ya hau. Amma agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, kuma a taminal, tagar rubuta umarni ta Linux, in na rubuta kalmar sirri ba ta fitowa.

Injiniya Abu Ammar:
Kalmar sirrin tana shiga, ɓoye ta ake yi. Rubuta ka danna Enter. Agogo kuwa, Linux na ajiye lokacin UTC, wato agogon duniya na bai-ɗaya, a cikin na'ura, Windows na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuma muna gaban UTC da awa ɗaya. Danna Ctrl+Alt+T taminal ta buɗe, ka rubuta:

sudo timedatectl set-local-rtc 1

Sannan ka gyara agogon Windows sau ɗaya. Buɗe manhajar Timeshift kuma ka adana kwafin tsarin kafin sabuntawar farko, in wani abu ya lalace ka mayar da shi yadda yake.