Musayar baitoci: me ke riƙe ƙagaggen labari?

Alƙalamin Zazzau:
Salamu alaikum. Ga tambaya a ƙwar biyu, amsa-amo "ri". Duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe zaure,
Mu yi zance kan ƙagaggen labari.
A 1933 aka sanya gasar rubuta labari,
Bature Rupert East ya kira ta, Zariya ce gari.
Biyar aka zaɓa aka kai su ɗab'i,
Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana cikinsu tun fari.
To malamai, me ya raba shi da tatsuniya,
Tsawo ne kaɗai, ko akwai wani sirri?

Gwaggon Marubuta:
Malam, ba tsawo ne ya raba su ba,
Dalili ne, shi ne miya, shi ne gishiri.
Gizo ya mutu yau, gobe ya tashi,
Ba mai neman hujja gare shi ko uzuri.
Amma in za a saki mace a babi na tara,
Tun babi na biyu ake shuka iri.
Jigo ya faɗu a cikin jimla ɗaya,
In ya ƙi faɗuwa, da sauran shiri.
A ba babban tauraro abin da yake nema,
A gitta masa shinge mai tauri.
Ƙananan taurari kowa da aikinsa,
Wanda bai tura zance ba, a kore shi da wuri.
Sunaye kar su yi kama da juna,
Hafsa da Hassana rikici ne a sarari.

Ɗan Tsangaya:
Gwaggo, a gafarce ni, ina da ja,
Littafin Imam ai balaguro ne a jeri.
Yau wannan gari, gobe wancan,
Ina dalilin da kike wa kirari?

Gwaggon Marubuta:
Ɗana, sake duba shi da kyau,
Akwai igiya biyu da suka yi ɗauri.
Neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki,
Shi ya fitar da Alhaji Imam daga gari.
Ta biyu ramuwa tsakaninsa da Malam Zurƙe,
Kowa ya ƙulla, ɗaya ya yi ƙari.
Cire su ka ga abin da zai saura,
Tsakiya ce a faranti, ba zare ba tsari.

Malamar Adabi:
Ni kan bakin mai ba da labari zan tsaya, don nan aka fi yin tuntuɓe.

Kafin shafin farko a yanke shawara,
Wa ke magana? Shi ne ginshiƙin tsari.
In tauraro ne ke cewa "na je, na gani",
Idonsa ne iyaka, ba shi da ƙari.
Ɗakin da bai shiga ba, bai san zancensa ba,
Sai an faɗa masa, ko ya yi laɓe a wuri.
Shehu Umar da bakinsa ya ba ɗalibai,
Abin da ya same shi, bauta da garari.
In ko mawallafi ke gani daga sama,
Zai shiga zukata, ya tono asiri.
Amma ya daina leƙowa da "ni ko na ce",
Mai karatu ya nutse, ka fizgo shi da sauri.
Waiwaye a yi masa alama a buɗe,
A rufe shi, a dawo da zance wuri.
Waiwaye cikin waiwaye ɓata ne,
Jiya da shekaranjiya sun zama ƙulli mai tauri.
A ajiye takarda ta shekarun kowa,
Kar ciki ya shekara biyu don rashin nazari.

Ɗan Tsangaya:
Malama, kin taɓo masu rubutu a waya,
Shafi-shafi kullum, WhatsApp ne gari.
Ana turawa ba a san ƙarshe ba,
Masu sharhi ke juya akalar labari.
Sun so mugu, sai a shiryar da shi dare ɗaya,
Ba tuba, ba dalili, ba shiri.
Maganinsa a rubuta ƙarshe a ɓoye,
Da jerin babobi, layi biyu kowane, tun fari.

Mai Gidan Ɗab'i:
Ni na injin zan faɗa, ku yi mini haƙuri da karin.

Babban falle in an ninka shi sau uku,
Shafi 16 yake bayarwa a jeri.
Shafi 96 falle shida ne cif,
Ɗari ko sai an yi ciko, a ƙara jari.
Littattafan kasuwar Kano an saba raba su,
Na ɗaya, na biyu, na uku, don sauƙin jari.
A yanke na ɗaya inda ƙulli ya ɗaure,
Mai saye ya dawo da marmari.
Amma jan zance don a cika na uku,
Da lefe da girki, shi ke kashe labari.
A duba haruffa masu lanƙwasa kafin a kai ɗab'i,
Ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari.
"Yana" a haɗe take, "ya na" kuskure ne,
A ba wani ya karanta da ƙarfi a sarari.

Alƙalamin Zazzau:
Maigida, ka maimaita "jari" sau biyu,
Mun yafe, tunda kai ka san zafin jari.
Saura maganar taurari a cikin littafi,
Tsohuwa da ɗan boko kar su yi magana iri ɗaya a tsari.
Gwaggo, baiti na gaba naki ne,
Yaya ake bambanta su ba tare da an rubuta suna a wuri?