Abin da iyaye suka tsayar kan kuɗin gyaran makarantar unguwa

A zaman da iyaye da malamai suka yi a wata firamare cikin birnin Kano, an fara da bin sawun kuɗin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Daga nan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ke rabon ayyuka. Saboda haka hedimasta ba shi ne mai lalitar ba, a daina tare shi a bakin ƙofa ana faɗa.

Inda aka fi daɗewa shi ne kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Aka ce a shiga, a riƙa zuwa taro, iyaye mata ma su samu kujera, kada a bar wa mai unguwa da liman kaɗai. Koke kuma a rubuta shi: ajin da iska ta yaye wa kwano, yara nawa ke zaune a kan buhu, banɗaki nawa ke aiki. A haɗa da hotuna a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a riƙe kwafi mai hatimi. Ni a ganina wannan ce shawarar da ta fi amfani, musamman tunda gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024.

Karo-karo bai samu karɓuwar kowa ba. Wasu sun yarda a nemi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar Kwari, muddin za a liƙa lissafin a bangon ofis, kuma ba a kori yaro don ubansa bai biya ba.