Lidoken ko bufibaken: wanne ya dace da kashe jijiyoyin hannu kafin tiyata?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a horon ƙwarewa na fannin sa barci, kuma ina neman shawarar magabata. Jibi za mu yi wa wani matashi mai nauyin kilo 60 aiki, wanda ya faɗo daga kan babur ya karye dab da wuyan hannu, kuma likitan ƙashi ya ce sa ƙarfen zai ci kusan sa'a biyu. Niyyata in kashe jijiyoyin hannun ta hammata da taimakon na'urar sikanin. Magungunan kashe jijiya da muke da su su ne lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 haɗe da adirenalin, sinadarin da ke tsawaita aikinsa, sai bufibaken mai kashi 0.5. In zaɓi ɗaya ne, ko in gauraya su kamar yadda na ga ana yi?

Tsohon likitan sa barci:
Wa'alaikumus salam, Likita. Ni dai bufibaken zan ɗauka shi kaɗai. Lidoken yana kamawa cikin minti 10 zuwa 20, amma bayan sa'a uku ko huɗu ya saki, wato daidai lokacin da aka mai da mara lafiya ɗakin jinya zafin ƙashin da aka huda zai taso masa. Bufibaken kuwa yana buƙatar haƙurin kusan rabin sa'a, sai dai yakan riƙe hannun sa'a takwas zuwa sama. Maganin wannan jinkiri shi ne a yi allurar da wuri, tun ana shirya kayan aiki.

Game da gaurayawa, amfaninta bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin saurin da ake samu kaɗan ne, alhali tsawon aikin bufibaken yana raguwa. Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗauka cewa kowane magani da nasa kason daban, alhali gubarsu taruwa take yi. Iyakar bufibaken miligiram 2 ne ga kowane kilo, wato 120 ga yaronka, mililita 24 ke nan. Iyakar lidoken mai adirenalin 7 ne ga kilo, wato 420. Idan ka zuƙi mililita 10 na kowanne, ka ci kusan rabin kason lidoken da fiye da kashi 40 na bufibaken, ka ga saura ƙiris ka cika mudu. Da sikanin, mililita 20 na bufibaken ya wadatar.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyata:
Ranka ya daɗe, ina da ƙari daga ɓangarenmu. A duba kwalbar da kyau, domin Marcaine mai nauyi, wato nau'in bufibaken da aka haɗa da sukari saboda allurar baya, yakan zauna a aljihun tebur ɗaya da na kashe jijiya, kuma na taɓa karɓe shi daga hannun wani sabon ma'aikaci har ya riga ya fasa bakin kwalbar. Haka kuma a tabbatar akwai Intralipid mai kashi 20 a kusa, wato ruwan kitsen da ke karya gubar waɗannan magunguna, wanda ake fara bayarwa mililita 1.5 ga kowane kilo idan maganin ya shiga jini. Mu kan ci gaba da jan mara lafiya da hira yayin allurar, saboda da zarar ya ce leɓensa ya mutu, ko kunnensa yana ƙara, ko yana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, dole a tsaya nan take.

Likitan ƙashi:
Ban ƙi bufibaken ba, amma ina da sharaɗi. Idan hannun ya kumbura sosai, ina tsoron matsin da ke taruwa cikin tsoka har ya toshe jini, wanda alamarsa ta farko zafi ne da ya wuce kima, kuma hannun da ya kwana a mace ba lallai ya kawo mana wannan ƙara da wuri ba. A irin wannan hali na fi son lidoken, ko a rubuta wa masu aikin dare su riƙa duba kumburin da yatsun a kai a kai.

Mai neman sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na duba hannun da yamma, kumburin ya sauka kuma yana motsa yatsunsa, don haka mun tsaya a kan bufibaken mililita 20, ana turawa biyar-biyar ana jan sirinjin baya a duba ko jini zai fito. Intralipid ɗin ne babu a ɗakinmu, amma na rubuta wa kantin magani su kawo kafin gobe da azahar.