Farautar ɓoyayyen akwati da GPS: za ta koyar da tarihin Sakkwato?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Akwai wasan nan da ake ɓoye ɗan akwati, a sa lambobin wurin a shafin Geocaching, masu nema su bi GPS na waya har su same shi, su sa hannu a takardar ciki. Ina son shirya wa 'yan sakandare irinsa cikin birni. Ina ya dace a ɓoye akwatin, kuma me ke ɓata shiri?

Ɗan Ƙofar Rini:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko, kada ka ajiye komai a Hubbaren Shehu, ko Masallacin Shehu, ko kusa da fadar Sarkin Musulmi. Wuraren ziyara da ibada ne, kuma duk mai gadin da ya ga baƙo yana laluben gindin bango, dole ya yi zargi.

Ka yi mai zango-zango. Zangunan farko babu akwati, tambaya ce kawai wadda amsarta lamba ce, sai a haɗa lambobin su ba da wurin akwatin ƙarshe. A Hubbare a yi maganar rasuwar Shehu Usmanu a 1817, da 'yarsa Nana Asma'u da ke kwance a can. A Giginya a yi maganar yaƙin da aka gwabza da Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Amma shekara kowa zai ciro ta daga intanet yana zaune a ɗaki, don haka lambar ta zama abin da sai an je ake gani, kamar lamba ta uku a wani allo, ko yawan kalmomin layin farko. Ni dai ƙofofi sun fi burge ni: wanda ya taka daga Ƙofar Rini zuwa Ƙofar Marke, ya gangaro Ƙofar Taramniya, zai ji girman birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 a ƙafafunsa. Akwatin ya zauna a harabar makarantarku ko gefen shagon wanda ya amince.

Mai Safiyo:
Yallaɓai, a kula da lambobi. Shafin yana amfani da digiri da minti, Google Maps kuma digiri da ɗigo. Wanda ya ga N 13° 04 ya buga 13.04 ya kauce da kusan kilomita 3. Waya kuma tana kuskuren mita 5 zuwa 10, ya fi tsanani a lungu mai dogon gini. Ka tsaya minti 2 kafin ka karanta, ka ɗauka sau 5 a lokuta dabam-dabam, ka raba ka sami matsakaici. In za ka sa shi a shafin, ba a binne akwati, sai da izinin mai wuri, kuma tazararsa da wani akwatin kada ta gaza mita 161.

Hajiyar Mabera:
Malam, ranar Sakkwato ba ta raga wa roba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, robar da aka bari a fili sai ta yi fari ta tsage, damina ta zo ta jiƙa takardar. Ka sami gorar magani mai murfin murɗawa, ka sa takardar cikin leda, ka ajiye a inuwa. Fensir za ka sa, biro bushewa yake yi. Gwangwani kuwa 'yan jari-bola za su yi gaba da shi. Banda alewa ko dabino a ciki, tururuwa za su cika shi. Yara su fara tura tsinke kafin hannu, saboda kunama.

Ku fita bayan asuba, ku gama kafin ƙarfe 10. Wurno, inda kabarin Bello yake, da Alkalawa da ta faɗi a 1808, duk sun cancanci zango, amma kada a ɗebi yara zuwa can sai an tabbatar da lafiyar hanya, iyaye kuma sun amince.

Malamin Tarihi:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da zango huɗu cikin birni, zan kuma nemi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu su duba mini tambayoyin kafin in raba.