Hoton Baffa ɗaya tilo ya manne da gilashi, manhaja kuma ta canza masa fuska

Ɗan Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san aikin hoto.

Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida, kuma duk duniya hotonsa ɗaya muke da shi. Baƙi-da-fari ne, bai fi tafin hannu ba. A Malam Madori aka ɗauke shi, lokacin yana aikin awon gyaɗa kusa da tashar jirgin ƙasa. Inna ta ce shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira ce, wato 1973. Yana tsaye da babbar riga da hula, hannunsa na dama a kan wani abu da yanzu ba a gane ko mene ne.

Da can a adakar Inna yake, cikin firam mai gilashi, a naɗe da tsohon ɗankwali. Da ambaliyar 2022 ta shigo ƙauyenmu, ɗakinta ya zauna, adakar ta kwana uku a ruwa kafin mu tono ta. Muka shanya kayan, muka ɗauka shi ke nan. Ashe hoton ya manne da gilashin. Gefen dama na ƙasa ya narke, fumfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo a ƙirji, ga wani layin tsatsa da ya ratsa ta kan kunnensa na hagu.

Watan jiya ƙanena ya ɗauke shi da waya, ya saka a wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya fito tas, har da kala. Na yi murna, na kai wa Inna. Ta matso da wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo min ta ce, "Wannan wane ne? Ai ba Malam ba ne." Da na sake dubawa sai na ga gaskiyarta. Billen da ke kumatunsa ya ɓace, fatarsa ta yi haske, hancin ya miƙe, an mayar da shi wani saurayi da ban taɓa gani ba. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Tambayata: ta yaya zan raba shi da gilashin ba tare da na ƙarasa shi ba? Kuma akwai yadda za a gyara shi, a saka masa kala, ya zauna a Baffanmu?

Mai Shagon Kwamfuta, Haɗejia:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baffa. Ɗan'uwa, don Allah kada ka ɓamɓare shi. Fuskar irin wannan hoton wani siririn shafi ne a kan takarda, idan ya jiƙe yakan zama kamar ƙaro ya kama gilashi. Kana ja, takarda za ta biyo hannunka, fuskar Baffa ta tsaya a gilashi. Kada ka saka reza, kada ka shanya a rana, kada ka goge fumfunar da jiƙaƙƙen tsumma. Cire katakon firam ɗin kawai in zai fita cikin sauƙi, ka goge gilashin ta waje, a kwafe shi a haka.

A saka shi a sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta, a saita aƙalla 600 dpi, wato yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci. Tunda ƙarami ne, 1200 ya fi, don a samu damar ƙara masa girma ranar wankewa. A zaɓi mai kala ko da yake baƙi-da-fari ne, saboda ta haka tsatsa da fumfuna suke fita daban, sai cire su ya yi sauƙi. A adana shi a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci. Wasu sikanoni sirara ba sa ganin abin da bai kwanta a jikin gilashinsu ba, sai hoton ya fito dishi-dishi. In haka ta faru, a koma waya mai kyamara mai kyau: a inuwa da hantsi, a kashe filasha, a riƙe ta daidai saitin hoton. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗauka daga kusurwa huɗu ta cire ƙyallin gilashi.

Wannan kwafin na farko shi ne uwa, ba a taɓa shi. Duk gyara a kan wani kwafin ake yi. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura kai tsaye daga cikin hotuna yana matse shi.

Abin da ya same ku da manhaja kuwa, haka aikinta yake. Dubban fuskoki aka koya mata, in ta ga wuri ya dushe sai ta cike da abin da ta saba gani. Bille a wurinta karce ne, sai ta share. Gyaran da kake so da hannu ake yinsa, a manhajar gyaran hoto ta kwamfuta irin Photoshop ko GIMP (shi wannan kyauta ne): a ɗebo daga inda rigar take lafiya a toshe ɗigon fumfuna ɗaya bayan ɗaya, a gyara kunnen ta hanyar duba ɗan'uwansa. Yakan ci yini. Ka zauna kusa da mai aikin, ka nuna masa billen tun kafin ya fara.

Maman Sadiya, Kura:

Ƙanena, ni kan kala zan yi magana. Hoton baƙi-da-fari bai ajiye kala ko ɗaya ba, haske da duhu kawai ya riƙe. Ja mai duhu da shuɗi mai duhu duk kusan iri ɗaya suke fitowa, to na'ura canki-canka take yi.

Muna da hoton kakarmu ta lulluɓa da turkuɗi, irin wanda ake rinawa da baba a buga shi a garinmu har ya riƙa ƙyalli. Da ɗana ya saka shi a waya sai ya fito ruwan ƙasa, kamar buhu. Duk wanda ya tashi a Kura ya san ƙarya ce, amma jikokin da ba su san turkuɗi ba da sun karɓa a haka.

Kai kana da abin da mu muka rasa, Innarka tana raye. Ka je da asalin hoton, ka zauna a gabanta, ka kunna rikodin waya. Tambaye ta launin rigar, da na hular, da hasken fatarsa in an gwada da ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Kada ka bari sai bayan girbi.

Malam Tsohon Hedimasta, Ringim:

Ɗana, ra'ayina daban. A gyara ɓarnar ruwa, a bar shi baƙi-da-fari yadda mai hoto ya miƙa masa. In dole sai an yi mai kala, a wanke biyun, a rubuta a bayan mai kalar cewa ƙari ne aka yi daga baya. Kuma kada wani ya ce zai yi wa asalin laminatin, zafi ne da gam, ba ya ciruwa. Ka rubuta sunansa da gari da shekara da fensir a takarda, ka haɗa su a ambulan, ka ɗora a sama nesa da bango saboda gara da laima. Kowane ɗa nasa ya samu kwafi, ka kuma tura wa kanka ta imel.

Ɗan Auyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Maman Sadiya, jiya bayan la'asar na yi yadda kika ce. Inna ta ɗora gilashin a cinyarta tana shafa gefensa da yatsa. Ta ce rigar saƙi ce, shuɗi da fari kamar jikin zabuwa, ita ce ta ɗaurin aurensu. Hular jar dara ce, kuma aro ya yi a wurin abokinsa don hoton kawai. Manhajar baƙa ta yi ta. Fatarsa kuwa ta ce in dubi yayarmu ta Kafin Hausa, ita ta ɗauko shi. Rikodin ya kai minti arba'in, har da labarin da ban taɓa ji ba na yadda ya kawo ta gidan nan a kan jaki.

Abin da hannunsa yake kai, ta ce kan sabon kekensa ne, Raleigh, da kuɗin gyaɗar shekarar ya saya. Malam, zan wanke biyun kamar yadda ka ce. Mai Shago, ranar Asabar ina tafe in Allah ya so. Amma wurin keken ya narke gaba ɗaya, ɗan ƙarfen birki kawai ake gani. Shin a zana shi tunda Inna ta shaida, ko a bar wurin yadda ruwa ya bar shi?