Tambaya: Shin Hajiyarmu za ta iya hawa lilo a Disney da kekenta mai batir?

Ɗiyar Gwandu, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa manyan wuraren wasanni na ƙasashen waje tare da mai lalurar ƙafa. Yayanmu da ke zaune a Orlando, cikin jihar Florida ta Amurka, ya samu ƙaruwa, ya kuma nema wa mahaifiyarmu biza domin ta je ta ga jikarta, ni ce kuma zan raka ta bayan babbar salla in Allah ya kai mu. Hajiya tana da shekara 67, ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta har ta kai ba ta iya tafiyar da ta wuce daga ɗakinta zuwa zaure ba tare da ta nemi wurin zama ba. Shekara biyu ke nan da aka saya mata keke mai batir, irin mai kai kamar na babur wanda take tuƙawa da kanta, da shi take zuwa Islamiyya da gidajen 'yan'uwa.

Manyan yaran Yaya sun riga sun ɗaura ɗamarar kai kakarsu Disney, babban wurin wasannin da ke kusa da Orlando, kullum sai sun kira ta suna lissafa mata abubuwan da za ta hau. Fargabata ita ce mu sayi tikiti mai tsada, a ƙarshe ta wuni a ƙarƙashin bishiya tana gadin jakunkuna. Shin ana barin irin wannan keke ya shiga? Idan ya shiga, ana hawa lilo da shi ko sai an sauka? Kuma mu tafi da nata ne daga nan, ko mu yi haya a can?

Baƙon Florida, Gusau

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba Hajiya lafiya. Na yi karatu a jihar, kuma na taɓa kai surukina wurin da irin wannan keke, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona.

Shiga ba matsala ba ce. Suna kiran keken ECV, za ki kuma ga tsofaffi da yawa a kansa, har ba wanda zai ɗaga kai ya dube ku. Sharaɗinsu shi ne kada faɗinsa ya wuce inci 36, tsawonsa kuma kada ya wuce inci 52. Wurin da kansa huɗu ne: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, sai EPCOT, da Hollywood Studios, da Animal Kingdom, kowannensu kuma wuni guda yake ci. A Magic Kingdom motarku ba za ta kai bakin ƙofa ba, sai kun shiga jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda, amma dukkansu ana shiga da keke.

Inda maganar take shi ne bakin lilon. Sun kasa abubuwan hawan kashi-kashi, kuma a taswirar da suke bai wa masu buƙata ta musamman akwai alama a gefen kowanne. Akwai waɗanda mutum zai ci gaba da zama a kan kekensa, kamar yawancin zaurukan kallon wasa, da kuma kwalekwalen Jungle Cruise, wanda yake da wani faranti da ake ɗagowa daidai da gaɓa, keke ya hau, a sauke shi ciki. Sai dai ba kowane kwalekwale ne yake da farantin ba, dole ku jira zuwan wanda yake da shi. Akwai kuma waɗanda za a ce ta bar mai batir ɗin a waje ta koma keken turawa, wanda suke bayarwa aro a nan wurin ba tare da ƙarin kuɗi ba, sannan a tura ta ciki da shi. Motar kallon namun daji ta Kilimanjaro Safaris tana cikin wannan kashi, kuma ita ce surukina ya fi jin daɗi, domin raƙuman dawa da giwaye na gaske ne, ko da yake da muka zo kan dorina cewa ya yi ta Yauri ta fi ta girma.

Kashi na uku shi ne mafi yawa a cikin abubuwan da yara suke so: dole mutum ya bar keke gaba ɗaya ya shiga kujerar lilon. Akwai kuma 'yan kaɗan da sai mai iya tafiya da ƙafarsa, kamar PeopleMover, wanda ake hawa ta wata shimfiɗa mai gangare da ke tafiya da kanta.

Abu ɗaya nake so ki riƙe sosai. Ma'aikatan ba sa ɗaukar mutum, ba a ba su izinin hakan ba. Za su matsar da keke, za su nuna ƙofar da ta fi faɗi, a wasu wuraren za su rage gudun shimfiɗar da ake takawa ko su tsayar da ita idan aka roƙa, amma kamawa da tayarwa aikin wanda ya rako ne. Na san Hajiya ma ba za ta so wani namiji baƙo ya riƙe ta ba, don haka ke da Yayanku ne za ku tsaya. Kada kuma ku sa rai da katin rage jiran layi da suke bai wa masu buƙata ta musamman, domin tun 2024 suka taƙaita shi ga masu lalurar da ta shafi ƙwaƙwalwa irin ta galahanga, tunda yawancin layukan keke yana bi. Idan yaran suka ce sai Universal, wani wurin wasannin daban a Orlando, can ya fi tsanani: ba a shiga layi da mai batir, in ban da jirgin ƙasan da ke haɗa wurarensu biyu, sai dai a koma keken turawa.

Mai Gashin Ƙashi, Birnin Kebbi

Malam na Gusau ya yi bayani mai gamsarwa. Ni ban taɓa zuwa ba, amma aikina kullum shi ne koya wa masu ciwon gwiwa da masu shanyewar ɓarin jiki yadda za su tashi daga wuri su koma wani, kuma a fahimtata duk tambayar 'yar'uwa ta rataya ne a kan taku uku ko huɗu da ke tsakanin keke da kujerar lilo.

Mai ciwon gwiwa bai cika shan wuya wajen zama ba, tashi ne yake ba shi wahala, musamman idan kujerar ta yi ƙasa har gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. Kwalekwalen wasa kuwa yawanci haka yake: a tsallaka baki, a sauka mataki, a zauna a benci mai ƙasa, bayan an gama a miƙe a hau, ga shi yana ɗan motsi a kan ruwa, ga mutane a baya suna jira. Kafin ku sayi tikiti, ki gwada mata a gida. Ki samo benci mai tsawon gwiwa ta zauna ta tashi sau uku tana dafa kafaɗarki. Idan ta iya, ki kawo kujera 'yar tsugunno ki ɗora mata matashi biyu ta sake gwadawa. Sannan ki ajiye bulo ɗaya a ƙasa ta tsallake shi tana riƙe da hannunki. Abin da ta iya cikin waɗannan shi zai gaya miki kashin da za ta shiga a cikin waɗanda aka lissafa.

Wajen kama ta, kada ki ja ta ta hannu ko ta hammata, domin haka ake gurɗa kafaɗar tsofaffi. Ki tsaya a ɓangaren ƙafar da ta fi ciwo, ki zagaya hannunki ta ƙugunta, ta matso bakin kujera, ta mayar da ƙafafunta baya kaɗan, ta sunkuyo gaba sannan ta miƙe. Idan kuma tana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon baya da wuya, jiragen nan masu gudu da fizga ba nata ba ne ko da ta iya shiga, su kansu suna rubuta gargaɗin a bakin ƙofa. Ta ga likitanta kafin tafiya.

Injiniyan Batir, Jega

Shawarata a bar keken a gida. Idan batirinsa na litiyum ne mai cirewa, ƙa'idar jiragen sama ita ce kada ƙarfinsa ya wuce Wh 300, a cire shi a shiga da shi cikin jirgi a hannu. Ki duba jikinsa, ki ninka lambar da ke da V da wadda ke da Ah: 24 sau 12 ya ba da 288, bai kai iyakar ba ke nan, amma 24 sau 20 ya ba da 480, ya wuce ta. Ana kuma sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. Daga Birnin Kebbi zuwa Abuja zuwa Orlando za a loda shi a sauke sau da yawa, kuma kan tuƙin ba ya jure jifa. Wutar Amurka ma 120 ce, tamu 230, sai cajar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ce za ta yi aiki. Yayanku ya karɓi haya daga kamfanonin gari na tsawon zamanku, ya fi na cikin wurin wasan, wanda ba a fita da shi waje kuma yakan ƙare idan ba a yi sammako ba.

Dattijon Ƙaura, Ƙaura Namoda

Na gode wa duk waɗanda suka yi magana, amma ina da ja a kan shawarar Injiniya, kuma ina magana ne a matsayin wanda shan inna ya kama tun yana ɗan shekara huɗu. Keken mutum ƙafarsa ce. Ya san inda yake tsayawa idan ya saki hannu, ya san kwanar da yake iya sha. Waɗannan kekuna ba su da birkin ƙafa, sakin maɓalli ne yake tsayar da su, kuma kowanne da irin jinkirinsa. A ɗora dattijuwa a kan baƙon keke mai nauyi a tsakiyar dubban mutane da yara masu gilmawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan hayar ce ta zama dole, a nemo mai kama da nata, ta yi kwana biyu tana tuƙa shi a unguwa kafin ranar. A kuma kula da hijabi da bakin zane, domin na taɓa ganin tayar baya ta naɗe mayafin wata baiwar Allah har ya shaƙe ta. Hajiya ta tattara nata ta zauna a kai. Ruwan sama ma yana yawan sauka da yamma a can lokacin zafi, sai a riƙe leda ta rufe kan tuƙin.

Abin da ya sa suka tanadi waɗannan abubuwa ba tausayi kaɗai ba ne, doka ce. Tun 1990 Amurka ta kafa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ƙa'idojin da suka biyo baya a 2010 kuma suka wajabta cewa sabon lilo ya kasance da wurin keke, ko kujerar da aka ƙera domin a zame a shiga, ko na'urar da ke taimakawa. Mu ma muna da tamu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma a sallar da ta wuce na kai jikokina wani wurin wasa a ɗaya daga cikin biranenmu, an karɓi kuɗin shigata cif, daga ƙofa zuwa ciki tsakuwa ce da yashi, tayata ta nutse sai da samari biyu suka ciccibe ni. A bakin majaujawar akwai matakalar ƙarfe uku ba abin dafawa. Yaron da ke karɓar tikiti ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baba, ka zauna nan inuwa ka riƙe musu takalma." Na riƙe, tunda ba yadda zan yi.

Saboda haka, 'yata, ki tambayi Hajiya da kanta me take so ta hau. Duk mun yi ta tsara mata, ba wanda ya ce a ji ta bakinta.

Ɗiyar Gwandu, Birnin Kebbi

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Ƙaura, maganarka ta shige ni, kuma na tambaye ta jiya bayan sallar isha'i. Ta ce ba ruwanta da duk abin da zai juya ta sama, namun daji take so ta gani, sai kwalekwale ɗaya tare da jikokin domin a ɗauki hoto.

Mun kuma yi gwajin da safe. Bencin ta tashi sau uku ba tare da wahala ba, bulon ma ta tsallake, amma 'yar tsugunno ta gagara ko da matashi biyu, sai da ni da ƙanwata muka haɗu muka tayar da ita, tana dariya tana cewa mun mayar da ita 'yar firamare. Na duba batirin, 24 ne da 12, saboda haka ta kafe a kan cewa da nata za ta tafi, ni kuma har yanzu maganar lodi da saukewa tana damuna. Malam na Gusau, a motar namun dajin nan, idan ta koma keken turawa, ni zan zauna kusa da ita ko sai a wani layin kujeru?